Babi na Shida: Ƙarfe Huɗu da Rabi na Asuba

Falkaswar da ta girgiza birnin Pyongyang a watan Janairun 1907 ba ta daɗe ba ta fara lafawa. Mutanen da suka kwana suna kuka a majami'a suka koma kasuwanninsu da gonakinsu, ana zuwa sujada ran Lahadi kamar yadda aka saba, amma zafin nan ya tafi. Wanda abin ya fi damu shi ne Gil Seon-ju, faston babbar majami'ar Jangdaehyeon, inda abin ya soma. Sai ya yi shawara da wani dattijon ikkilisiyarsa, Park Chi-rok, su riƙa haɗuwa a majami'a kullum da asuba, ƙarfe huɗu da 'yan mintoci, su yi addu'a su biyu. Ba su gaya wa kowa ba. Wajen wata biyu suna haka, amma zancen duniya ba ya ɓuya, aka fara samun masu leƙowa. Ganin haka, wata Lahadi Gil ya yi sanarwa cewa duk mai so ya zo, za a kaɗa ƙararrawa ƙarfe huɗu da rabi.

Wani ɗan mishan Ba'amurke, William Swallen, ya rubuta abin da ya biyo baya a 1909. Tun ƙarfe ɗaya na dare mutane suka fara isowa. Zamani ne da agogo bai shiga gidajen talakawa ba, mai tsoron makara kuwa gara ya kwana a bakin ƙofa. Kafin a kaɗa ƙararrawa an tara mutum 400 zuwa 500, cikin 'yan kwanaki suka kai 600 zuwa 700.

Duk wanda ya tambayi Kiristan Koriya inda ƙarfin ikkilisiyarsu ya samo asali, 1907 za a ambata masa. Ba laifi, abin da ya faru a shekarar ba ƙarami ba ne. Amma an yi irinta a Wales a 1904, da kuka da tuba da komai, ta tashi kamar wutar kara ta kwanta cikin shekara ɗaya da 'yan watanni. Abin da ya bambanta Koriya, a ganina, shi ne an samu wanda ya yanka wa addu'a lokaci, ya ɗaura ta a jikin ƙararrawa, ta zama abin da ake tashi a yi ko zuciya na so ko ba ta so. Yau fiye da shekara ɗari ke nan, kusan babu wata majami'ar Furotesta a Koriya ta Kudu, babba ko ƙarama, da ba ta buɗe ƙofa kafin fitowar rana.

Bari dai mu ba 1907 haƙƙinta. Tun wajen 1890 ikkilisiyoyin Koriya suka saba tara mutane da hunturu, lokacin da ƙasa ta daskare ba a noma, a yi kwana goma ko mako biyu ana nazarin Littafi Mai Tsarki. Manoma kan taho da ƙafa daga ƙauyuka masu nisa, kowa da guzurin shinkafarsa a baya, domin tsarin da 'yan mishan suka karɓa daga wani ɗan mishan, John Nevius, cewa ya yi ikkilisiya ta ɗauki nauyin kanta. A taron Janairun 1907, maza wajen 1,500 ke cika Jangdaehyeon da dare, a zaune a ƙasa, mata kuwa an ware musu wasu wurare a cikin gari. Daren 14 ga wata, mai jagorantar taron, Graham Lee, ya nemi a yi addu'a, sai mutane da yawa suka soma lokaci guda. Maimakon ya tsawatar, sai ya ce to, kowa ya yi. Ɗakin gaba ɗaya ya ɗauki murya, kowa da nasa roƙon. Daga nan aka shiga tonon asirin kai. Wannan ya miƙe ya ce ya yi sata, wancan ya ce zina, wani ya ce ya taɓa kashe rai, ya zube yana dukan ƙasa da hannu. Washegari da dare wani dattijo ya dubi ɗan mishan William Blair ido da ido, ya ce ya daɗe yana ƙinsa, ya roƙi gafara. Ana ba da labarin cewa shi kansa Gil ya tashi ya kamanta kansa da Akan na Littafin Joshuwa, ya faɗi cewa ya ci wani abu daga dukiyar da abokinsa ya bar masa amana don matarsa. Aka wayi gari mutane na zagayawa suna mayar da kayan sata da bashin da suka danne, har ga 'yan kasuwar da ba Kirista ba. Wannan addu'ar ta kowa ya buɗe baki lokaci guda ita ce har gobe alamar Kiristancin Koriya. Mai jagora zai ce a kira sunan Ubangiji sau uku, jama'a su ɗaga hannu su ce “Juyeo! Juyeo! Juyeo!”, wato ya Ubangiji, sannan a ɓarke.

Ƙasar kuwa a lokacin tana cikin wani hali. Sin da Japan sun gwabza a cikin Pyongyang ɗin kanta a 1894. Japan ta ka da Rasha a 1905, a shekarar ta ƙwace wa Koriya ikon hulɗa da waje. A 1907 aka tilasta wa Sarki Gojong ya sauka, aka rusa rundunar sojan ƙasar, a 1910 Japan ta haɗiye Koriya ɗungurungum. Wasu masu tarihi na cewa 'yan mishan sun ji daɗin falkaswar ne domin ta karkatar da fushin da ya kamata a yi wa Japan, ta mai da shi kukan zunubin kai. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki. Sai dai a ranar 1 ga Maris 1919, da aka karanta takardar neman 'yancin kai, cikin mutum 33 da suka sa hannu 16 Kirista ne, Gil na cikinsu, ya kuma yi wajen shekara biyu a tsare a kan haka. Mutanen da suka saba taruwa da duhu ba wuya a tara su don wani abin.

Me ya sa asuba? Ba 'yan mishan ne suka zo da ita ba, don majami'un da suka aiko su daga Amurka da Kanada ba su san buɗe ƙofa kullum da duhu ba. A gida aka same ta. Kafin a yi wa Gil baftisma a 1897 ya yi shekaru yana shiga duwatsu neman sirrin ruhu bisa tafarkin Tao, yana kwana karanta addu'o'i, yana tashi da tsakar dare. Gidajen ibadar Buda tun da can da asuba suke kaɗa ganga da ƙararrawa. A Seoul ta zamanin sarakuna ana buga babbar ƙararrawar birni sau 33 wajen ƙarfe huɗu, sannan a buɗe ƙofofin ganuwa. Uwa uba kuma al'adar mata. Mace a ƙauye kan riga kowa tashi, ta je rijiya ta ɗebo ruwan farko da ba wanda ya taɓa, ta zuba a farin kwano, ta ɗora a bayan gida inda ake jera randunan miyar waken soya, ta tsaya tana murza tafin hannu tana roƙa wa miji da 'ya'ya lafiya. Da ta zama Kirista sai ta bar kwanon, amma ba ta bar lokacin ba. Fastoci suka nuna mata inda Linjilar Markus ta ce Yesu ya tashi tun da sauran duhu ya tafi wurin da ba kowa ya yi addu'a, magana ta ƙare. Mai karatun da ya tashi a garin da ladan ke tayar da mutane ba ya buƙatar dogon bayani kan abin da wannan sa'ar ke yi wa mai ibada.

Sunayen maza ne suka shiga littattafai, amma in aka leƙa majami'a da asuba, a da da yanzu, mata ne suka fi yawa nesa ba kusa ba. Su ne kuma suka ciyar da harkar. Duk lokacin da mace za ta ɗora tukunya sai ta ɗebi cokali guda na shinkafa da sunan kowane ɗan gida, ta zuba a wata 'yar jaka da ta rataye a madafi, ran Lahadi ta kai majami'a. Da wannan shinkafar fasto ko mai bishara ke cin abinci. Wanda ba shi da kuɗin baiko kuwa sai ya ba da kwanaki: ya ce ya ɗauki alkawarin kwana biyar ko goma zai ajiye aikinsa ya fita wa'azi. A taron asubar nan na Gil, Swallen ya ce an yi alkawarin kwanaki fiye da 3,000.

Ba nan take addu'ar asuba ta zama ta kullum a ko'ina ba. Shekaru da dama an fi yin ta ne a makon falkaswa. Bayan ya fito daga kurkuku, Gil, wanda idanunsa sun kusa mutuwa, ya yi ta zagaya ƙasar daga gari zuwa gari, ko'ina ya sauka da asuba ake fara taro, mafi yawan wa'azinsa kuma a kan Ru'ya ta Yohanna ne da dawowar Almasihu. A kan wannan aikin ya yanke jiki ya faɗi a watan Nuwamban 1935. Bayan rasuwarsa abubuwa suka ƙara tsanani. Japan ta ce dole kowa ya rusuna a wuraren bautar Shinto. A watan Satumban 1938, da 'yan sanda cike da zauren, babban taron ikkilisiyar Presbiteriyan ya amince cewa rusunawar ba ibada ba ce, biyayya ce ga ƙasa. Waɗanda suka ƙi aka ɗaure su. Fasto Ju Gi-cheol ya mutu a kurkukun Pyongyang a watan Afrilun 1944. Da yaƙin duniya ya yi zafi aka bi majami'u aka kwashe ƙararrawa don a narka ƙarfen. Masu ƙin rusunawa da ba a kama ba, da yawa duwatsu suka shige.

Abin da ya mai da asubar ta kullum shi ne rabuwar ƙasa. Kafin 1945 mafi yawan 'yan Furotesta a arewa suke, har ana yi wa Pyongyang laƙabi da Urushalima ta Gabas. Mahaifiyar Kim Il-sung, shugaban farko na Koriya ta Arewa, ita kanta daga gidan Kirista ta fito. Da 'yan kwaminis suka kama mulki sai aka fara gudu zuwa kudu. A watan Disamban 1945 fasto Han Kyung-chik ya tara 'yan gudun hijira 27 a Seoul, abin da ya zama majami'ar Youngnak. Yaƙin 1950 zuwa 1953 ya ci rayuka miliyoyi, ya kuma turo wasu ɗaruruwan dubbai. Kim Ik-du, mashahurin mai wa'azin falkaswa da ya tsaya a arewa, a wurin addu'ar asuba sojojin arewa da ke ja da baya suka harbe shi a watan Oktoban 1950.

A duba halin wanda ya tsira. Ya baro tsohuwarsa a ƙauye da cewa kwana kaɗan zai dawo, sai aka rufe iyaka, babu wasiƙa, babu labari. Yana zaune a bukkar kwali a gangaren dutse a Busan ko Seoul, mutum shida ko bakwai a ɗaki guda. Ina zai yi kuka? Majami'a da asuba ita ce wuri ɗaya da babba zai iya kurma ihu ba a ce ya zare ba, domin na kusa da shi ma ihun yake yi, kuma bayan gajeren wa'azi ana rage fitila a bar kowa da Ubangijinsa. Masu sukar addu'ar Koriya da cewa hayaniya ce sukan manta da inda ta samo wannan muryar.

Ƙararrawa kuwa da abin da yaƙi ya bari aka yi ta. Majami'un ƙauye da yawa tukunyar iskar oksijin da aka yar suka rataye a jikin itace, ana buga ta da guduma. Mai kaɗawa yawanci wani talaka ne da ke kwana a ɗan ɗakin jikin majami'a. Ɗaya daga cikinsu ya yi suna: Kwon Jeong-saeng, mai fama da tarin fuka, wanda ya yi shekaru yana jan igiyar ƙararrawa a wata majami'ar ƙauye kusa da Andong, yana rubuta labaran yara da daga baya suka shiga kusan kowane gida a ƙasar.

Kwanan addu'a na daren Juma'a kuwa gwamnati ce ta taimaka masa ba da niyya ba. Tun 1945 aka sa dokar hana fita da dare, ba a ɗage ta ba sai 5 ga Janairun 1982, kuma a mafi yawan shekarun daga sha biyun dare ne zuwa huɗu na asuba. Wanda ya shiga majami'a ƙarfe goma, jiniya ta same shi a ciki, to ba shi da hanyar gida. Sai a yi ta waƙa da shaida da addu'a har a buɗe hanya, a haɗa da ta asuba, a wuce wurin aiki, domin a lokacin ana aiki ran Asabar. Bayan an ɗage dokar, a hankali kwanan ya gajarce ya koma taron awa biyu ko uku, ko da yake tsofaffi har yau da tsohon sunansa suke kiransa.

Sai duwatsu. Kusan kashi saba'in cikin ɗari na ƙasar tudu ne, kuma tun kafin Kiristanci can ake zuwa neman Allah. Bayan 1945 gidajen addu'a suka yi ta tsirowa a kansu, har suka kai ɗaruruwa. Mutum zai hau da bargo da 'yar leda ta shimfiɗa, ya zaɓi dutse ko gindin bishiya, ya kwana yana kira. Akwai maganar da suke yi wa mai neman zama fasto ko wanda matsala ta sha wa kai, cewa sai ya tumɓuke bishiya guda tukuna, wato ya rungume ta yana jijjigawa yana addu'a har saiwarta ta saki. Mazauna arewacin Seoul sun daɗe suna jin muryoyi na saukowa daga dutsen Samgak da tsakar dare. A dutsen Yongmun kusa da Gimcheon, Na Un-mong ya kafa wani bagadi na yi wa ƙasa addu'a a 1963, inda ake karɓa-karɓa dare da rana, wani ba ya tashi sai wani ya durƙusa, aka yi shekaru gommai a haka. Wannan ita ce addu'a marar yankewa a ma'anarta ta zahiri, amma ba ita ta cika ƙasar ba. Wadda ta cika ƙasar ita ce ta unguwa, wadda ake katsewa a tafi aiki a dawo gobe.

Daga 1960 mutanen karkara suka kwararo birni. Seoul da ba ta kai mutum miliyan biyu da rabi ba a 1960 ta wuce miliyan goma a 1988. A cikin wannan ambaliyar aka samu majami'ar da duniya ta fi sani. A watan Mayun 1958 wani saurayi da ya tashi daga tarin fuka, Cho Yong-gi, da wata tsohuwar ma'aikaciyar jinya, Choi Ja-shil, wadda daga baya ta zama surukarsa, suka fara sujada da mutum biyar a wata unguwar matalauta, sannan suka kafa tsohon tantin sojan Amurka. Wa'azin Cho bai da wuyar ganewa: Allah yana so ranka ya tsira, jikinka ya warke, harkarka ta yi albarka. A 1964 ya faɗi don gajiya, dole ta sa ya rarraba jama'a ƙungiya-ƙungiya a gidaje. Dattawa maza suka noƙe, sai ya danƙa wa mata, abin da ba a saba gani ba a ƙasar da koyarwar Confucius ta yi kaka-gida. A 1973 suka koma tsibirin Yoido, kuma a farkon shekarun 1990 majami'ar na cewa tana da mutum 700,000.

A 1973 ɗin ne Choi ta buɗe dutsen addu'a na Osanri a Paju, kusa da iyakar arewa, a filin da aka saya don maƙabartar ikkilisiya. Azumi ne abin da ta fi riƙo da shi. A jikin tudun an haƙa 'yan ɗakuna a jere, kowanne da ƙofarsa, faɗinsa bai wuce mutum ɗaya ya durƙusa ba. Ka cire takalmi ka bari a waje, shi ne alamar akwai mutum, ka ja ƙofa. Wani awa ɗaya zai yi, wani kwana uku ba ci sai ruwa. Motocin majami'a na jigila daga Seoul kullum. A shekarar ce kuma mai bishara Ba'amurke Billy Graham ya yi wa'azi a filin Yoido, ranar ƙarshe aka ƙiyasta mutum fiye da miliyan ɗaya. 'Yan Furotesta da ba su kai miliyan ɗaya ba a 1950, ƙidayar 1985 ta same su miliyan shida da rabi, ta 1995 kuma fiye da miliyan takwas da rabi.

To, me ake roƙo? Nan ne labarin ya daina zama mai daɗin ji baki ɗaya. Su kansu malaman tauhidin Koriya sun daɗe suna ƙorafi cewa da yawan addu'ar neman abin duniya ce, ba ta da bambanci da abin da ake zuwa nema wurin bokaye mata na gargajiya, sai dai an canza suna. Kowace shekara, wata Alhamis a watan Nuwamba, matasa wajen rabin miliyan ke zana jarrabawar shiga jami'a, ranar da har jiragen sama ake dakatarwa lokacin gwajin sauraron Turanci. A ranar majami'u cike suke da iyaye mata, an manna jadawalin jarrabawar a bango: lokacin lissafi a yi addu'ar lissafi, yara suka fita cin abinci su ma su fita. A gidajen ibadar Buda ma haka ake yi, kwana ɗari kafin ranar. Ni ban ga abin dariya a uwar da ke roƙa wa ɗanta ba. Abin tambaya shi ne wanda ke karɓar ambulan ɗin godiya. A 2014 wata kotu a Seoul ta samu Cho da laifin sa majami'arsa ta sayi hannun jari daga ɗansa a farashin da ya wuce kima, asarar da ta kai won biliyan 13, aka yanke masa ɗaurin shekara uku na jeka-ka-gyara-halinka. Majami'ar Myungsung, wadda Kim Sam-hwan ya fara a 1980 da mutum ashirin da 'yan kai a saman wani shago, ya kuma gina ta kacokan a kan addu'ar asuba har dubun dubata ke halartar taronta na musamman a Maris da Satumba, ta jefa ɗarikarta cikin rikicin shekaru da aka miƙa wa ɗansa kujerar a 2017.

Siyasa ma ta shigo. Majalisar dokokin farko ta Koriya ta Kudu, ranar 31 ga Mayun 1948, da addu'ar wani fasto aka buɗe ta bisa buƙatar Syngman Rhee, wanda ya zama shugaban ƙasa na farko. Daga ƙarshen shekarun 1960 aka fara karin kumallon addu'a da shugaban ƙasa, manyan fastoci na sa wa Janar Park Chung-hee albarka. Mafi muni shi ne na 6 ga Agustan 1980. Ba a cika wata uku ba da sojoji suka karkashe mutane a Gwangju, shugabannin ikkilisiya fiye da ashirin suka taru a wani otal a Seoul suka yi wa Janar Chun Doo-hwan addu'a, aka nuna a talabijin, kafin wata ya ƙare aka zaɓe shi shugaban ƙasa. Han Kyung-chik na Youngnak yana wurin. Tsoron kwaminisanci da suka gudo da shi daga arewa ya sa duk mai riƙe da bindiga a kudu suna ganinsa garkuwa.

Amma a birnin nan dai, tun watan Yulin 1974, akwai wata addu'ar da ake yi kowace Alhamis a ginin majalisar ikkilisiyoyi da ke Jongno. Dokar ta-ɓaci ta hana taro, ta hana sukar gwamnati, sai dai ba ta iya hana sujada ba. Iyaye da matan ɗaliban da aka tsare sukan zo su tsaya a gaba, da sunan neman a taya su addu'a, su faɗi wanda aka kama da irin azabar da aka yi masa, 'yan sandan ciki na zaune a baya suna rubutawa. Labarin da jarida ba ta isa ta buga ba a nan ake jinsa. Jeon Tae-il, matashin telan da ya cinna wa kansa wuta a watan Nuwamban 1970 don a san halin da 'yan mata masu ɗinki ke ciki, a shekarar mutuwarsa ya yi wasu watanni a wani gidan addu'a na dutsen Samgak yana aikin lebura. Masu sa wa janar albarka da masu kai ƙararsa duk daga makaranta ɗaya suka fito.

Nauyin abin a kan fasto yake, kuma ba a cika faɗa ba. A lissafa: wa'azin asuba shida ko bakwai a mako, na Laraba, na daren Juma'a, biyu ran Lahadi. Goma ke nan ko fiye. A babbar majami'a ƙananan fastoci ke karɓa-karɓa, su ne kuma direbobin ƙananan motocin da ke zagaya unguwa da duhu suna ɗaukar tsofaffi. A ƙaramar majami'a ta hawa na biyu a saman kanti, irin waɗanda jan gicciyensu na lantarki ya cika sararin Seoul da dare, fasto da matarsa ne kawai, ko mutum uku ne suka zo sai an yi. Ƙararrawar kanta an daɗe da yin shiru da ita a birane saboda ƙorafin maƙwabta.

Ƙidayar 2015 ta nuna 'yan Furotesta kusan kashi 20 cikin ɗari, wajen miliyan 9.7, sun fi kowane addini yawa, amma waɗanda suka ce ba su da addini sun kai kashi 56, kuma a cikin matasa sun fi haka. Ma'aikacin da ke barin ofis da dare, yaron da ke fitowa daga darasin ƙari ƙarfe goma, ba su ne za su tashi da duhu ba. Majami'u sun yi ta dabara. Wasu sun ja lokacin zuwa biyar da rabi ko shida. Annobar korona ta 2020 ta koya wa mutane bin addu'ar asuba ta YouTube daga kan gado, da yawa ba su dawo ba. Majami'ar Oryun ta Seoul ta fara wata addu'ar kwana 21 a 1998, wadda ake yi kowace shekara daga 1 zuwa 21 ga Nuwamba, da dare. Yanzu majami'u fiye da 10,000 na ɗariku daban-daban ke bin ta ta intanet, har da na ƙauye inda tsofaffi goma sha ke zaune gaban allo. A ƙasar da ɗarikar Presbiteriyan kaɗai ta tsage fiye da gida ɗari, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Har yanzu in aka zo jera abubuwan da za a roƙa ran Juma'a, haɗewar ƙasa na ciki, tare da majami'un arewa da aka rufe. Sai dai masu yin wannan roƙon da sunan uwa ko ƙane a bakinsu suna ƙarewa. Tun 1988 mutum fiye da 130,000 suka yi rajista da gwamnatin kudu suna neman a sada su da danginsu na arewa. Mafi yawansu sun rasu ba a kira su ba, kuma rabon da a yi irin wannan haɗuwar tun watan Agustan 2018.